Faifai Ya Mutu a Cikin RAID: Me Ya Sa Ake Rasa Bayanai a Wajen Canji?

Tambayar da masu ofis, masu asibiti da masu shagon haɗa bidiyo kan yi wa ma'aikacin kwamfuta bayan an tafka asara kusan ɗaya ce: ba kai ka ce mana ko faifan ajiyar bayanai (hard disk) ya mutu a cikin na'urar nan babu abin da zai ɓata ba? To yaya aka yi komai ya tafi? Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Tsarin RAID yana jure mutuwar faifai, amma jurewar ta ɗan lokaci ce. Daga sa'ar da faifan farko ya faɗi zuwa sa'ar da sabo ya gama karɓar bayanai, na'urar tana cikin hatsarin da ba ta taɓa shiga irinsa ba, kuma a wannan tsakanin ne ake yin kurakuran da suka fi tsada: a zare faifan da yake lafiya, a saka wanda bai dace ba, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

## Abin da RAID yake yi

Sunan ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali (Berkeley) a Amurka, inda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka gabatar da shi a takardar bincike a 1988. Dabarar ita ce a haɗa fayafayan ajiya da yawa su zama gungu guda, kwamfuta ta gan su tamkar faifai ɗaya, tare da ajiye ƙarin bayanai da za a iya cike gurbi da su idan ɗaya ya lalace.

RAID 0 yana yanka bayanai ya rarraba wa fayafayai don sauri kawai, babu kariya ko kaɗan. Faifai ɗaya ya mutu, an rasa duka. RAID 1 madubi ne, abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan. RAID 10 kuwa madubai ne biyu-biyu aka jera, yana buƙatar aƙalla fayafayai huɗu.

Wanda ya fi jawo rikici shi ne RAID 5, kuma sai an fahimci lissafinsa kafin a gane dalili. A ɗauka fayafayai uku suna riƙe da lambobi 7 da 3 da 5, na huɗu kuma ya riƙe jimlarsu, 15. Idan na tsakiya ya mutu, a cire 7 da 5 daga 15, sai 3 ta dawo. A zahiri na'urar ba tarawa take yi ba, wani lissafi ne na sifili da ɗaya da ake kira XOR, kuma wannan lissafin cike gurbi ba a faifai ɗaya yake zaune ba, yana zagayawa ne a kan dukkansu. Amma sharaɗin ɗaya ne: don a dawo da lambar da ta ɓata, dole sauran lambobin duka su karantu. Idan biyu suka ɓata a layi ɗaya, lissafin ya tsaya. RAID 6 yana ajiye lissafi iri biyu, don haka yana jure mutuwar fayafayai biyu. A ZFS, wani tsarin ajiyar fayiloli da ke haɗa fayafayai da kansa, ana kiran makamantansu RAIDZ1 da RAIDZ2, har da RAIDZ3 mai jure uku.

## Dalilin da faifai na biyu ke bin na farko

Idan faifai ya faɗi, gungun yana ci gaba da aiki da ɗingishi. Ma'aikata suna buɗe fayilolinsu kamar kullum, sai dai ɗan nauyi, domin duk abin da ke kan mataccen faifan lissafa shi ake yi nan take daga sauran. Wannan shi ne tarkon farko: tunda aiki bai tsaya ba, ana iya shafe watanni babu wanda ya sani, musamman idan ba a saita na'urar ta aika saƙon gargaɗi ba, ko tana kulle a wani ɗaki da ba a shiga.

Da aka saka sabon faifai, sake gini ke farawa. A RAID 5 wannan yana nufin karanta kowane lungu na kowane faifai da ya rage, daga farko har ƙarshe. Lissafin lokacin mai sauƙi ne. Faifai mai terabayit 8 da ake rubuta masa megabayit 150 a daƙiƙa zai ci kusan sa'o'i 15. Mai terabayit 18 a megabayit 200 zai ci sa'o'i 25. Wannan idan babu mai amfani da na'urar ke nan. Idan ana aiki a kanta, kwana biyu zuwa mako ba abin mamaki ba ne.

Su kuma fayafayan da ake ɗora wa wannan nauyi yawanci sa'annin wanda ya mutu ne. Rana ɗaya aka saye su, daga kwali ɗaya, sun sha zafi ɗaya da girgiza ɗaya tsawon shekaru. Binciken da Bianca Schroeder da Garth Gibson suka gabatar a 2007 a kan fayafayai kusan 100,000 ya nuna cewa mutuwar fayafayai takan zo kusa da juna, kuma adadin da ake canjawa a shekara yakan kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100, alhali alƙaluman kamfanonin ƙera su ba su kai kashi 1 ba. Misali mafi tsanani ya zo a Nuwamban 2019, lokacin da kamfanin ƙera kwamfutoci na HPE ya yi gargaɗin cewa wasu fayafayansa na SSD za su mutu ɗungurungum da zarar sun cika sa'o'i 32,768 a kunne, wato shekara uku da kwana 270 da sa'o'i takwas, saboda kuskure a manhajar cikinsu. Duk fayafayan da aka kunna tare, tare za su mutu, kuma babu matakin RAID da zai ceci gungun da ya faɗi gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar gurbin da ya ƙi karantuwa, wato ɗan ƙaramin yankin da ake rubuta bayanai a cikin faifai (sector). Takardun fayafayan gida sukan rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu da ba ya gyaruwa sau ɗaya a cikin bit tiriliyan 100, wato kusan terabayit 12.5. A na manyan sabobi (server) kuwa sai an karanta ninki goma na wannan kafin a sami kuskure ɗaya. Gungun RAID 5 mai fayafayai huɗu masu terabayit 8 yana buƙatar karanta terabayit 24 kafin ya gama sake gini. Idan aka ɗauki lambar takardar a zahirinta, yiwuwar cin karo da kuskure ta kai kashi 85 cikin 100 a fayafayan gida, kusan kashi 17 a na sabobi. Masu aiki da na'urorin sun san cewa abin bai kai haka muni ba, domin lambar iyaka ce ta mafi munin hali, kuma gungunan da yawa suna gama gini lafiya. Amma gurbin da ya lalace shiru watanni shida da suka wuce, a wurin da ke ɗauke da tsohon fayil da ba a buɗewa, gaskiya ne, kuma ranar sake gini ce ranar da za a tarar da shi.

## Shin faifan ya mutu da gaske?

Ba duk faifan da gungu ya kora ba ne matacce. Waya mai sako-sako, na'urar rarraba wuta da ta fara gajiya, ko allon bayan akwati da fayafayan ke shiga, duk suna sa a kori lafiyayyen faifai. Idan aka canja shi ba a gano tushen ba, sabon ma za a kore shi bayan kwanaki, a wannan gurbin na akwati.

Kowane faifai yana da rajistar lafiyarsa da ake kira SMART, ana karanta ta da umarnin `smartctl -a /dev/sdb`. Layukan da suka fi muhimmanci a faifan SATA su ne lamba 5, adadin guraben da suka lalace aka maye su da na ajiya. Lamba 197, guraben da suka ƙi karantuwa suna jiran hukunci. Lamba 198 da 187, kurakuran da ba su gyaru ba. Da 188, umarnin da faifai ya kasa amsawa a kan lokaci. Kamfanin Backblaze, wanda ke wallafa alƙaluman mutuwar fayafayansa a kai a kai, waɗannan biyar ɗin yake sa wa ido. Idan suna hawa, faifan yana kan hanyarsa. Idan kuwa duk sifili ne amma lamba 199 tana ƙaruwa, a fara zargin waya kafin faifai.

Kada kuma kalmar PASSED da ke saman rahoton ta ruɗi kowa. Binciken da ma'aikatan Google suka fitar a 2007 ya gano cewa kashi 36 cikin 100 na fayafayan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Alama idan ta bayyana a yarda da ita. Rashinta ba shaidar lafiya ba ne.

## Kafin hannu ya taɓa akwatin

Aikin farko shi ne kwafe bayanai, ba sauya faifai ba. Mutane da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, har wasu na cewa kwafin ma nauyi ne a kan fayafayan. Haka ne, amma kwafin yana karanta abin da aka fi buƙata ne kawai, ana kuma iya farawa da mafi muhimmanci, kamar rumbun lissafin kuɗi ko rajistar marasa lafiya, alhali sake gini sai ya karanta komai. Idan akwai kwafi na daren jiya, a gwada buɗe wasu fayiloli daga cikinsa, a tabbatar yana aiki.

Na biyu shi ne tantance wane faifai ne. Sunaye irin `sda` da `sdb` ba su da tabbas, suna iya sauyawa bayan an kashe an kunna, kuma ba lallai su bi jerin guraben akwati ba. Abin dogaro shi ne lambar siriyal da ke rubuce a jikin faifan. A ciro ta da `smartctl -i` ko a duba `/dev/disk/by-id`. Idan faifan ya mutu har ba ya amsawa, a rubuta lambobin masu rai duka, wanda ba ya cikin jerin shi ne gawar. A sabobin da ke da fitilar gurbi, ana iya kunna ta: `ledctl locate=/dev/sdb` a Linux, ko `storcli /c0/e252/s3 start locate` a katin MegaRAID, wato katin da ke sarrafa gungun a cikin sabar, gwargwadon lambar akwati da ta gurbi. A sabar Dell, fitila ruwan ɗorawa mai ƙiftawa da sauri alamar mataccen faifai ce, kore mai ƙiftawa a hankali kuma alamar ana sake gini. Zare lafiyayyen faifai daga RAID 5 mai ɗingishi daidai yake da mutuwar faifai na biyu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Na uku wuta. Inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a yini, bai kamata a fara sake gini ba sai an tabbatar batirin UPS yana riƙewa da gaske, ba yana ƙara kawai ba, kuma akwai man da zai kai tsawon aikin. Yawancin tsare-tsare suna iya ci gaba daga inda suka tsaya, amma ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu a gungu mai ɗingishi tana iya barin layin da bayanansa da lissafinsa ba su jitu ba, kuma babu faifan da za a tambaya. Katin RAID yana da nasa ƙaramin batiri don kare abin da ke ƙwaƙwalwarsa; a duba lafiyarsa shi ma. Zafi ma haka. Yawancin fayafayai iyakarsu digiri 60 ne, sake gini yana ƙara musu zafi, kuma akwatin da ƙurar hunturu ta toshe masa fanka, a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a watan Afrilu, ba ya da nisa da wannan iyaka. Lamba 194 a SMART ita ke nuna zafin.

## Wane faifai za a saka

Girma dole ya kai na tsohon ko ya fi, kuma a bayit ake lissafin, ba a rubutun kwali ba. Faifai mai terabayit 4 yawanci bayit 4,000,787,030,016 ne, amma akan samu wanda ya gaza da ɗan kaɗan, kuma ko gurbi ɗaya ne gibin, gungun zai ƙi shi. Wanda ya fi girma zai shiga, sai dai rarar za ta zauna a banza har sai an canja sauran duka.

Girman gurbi shi ma sai ya dace. Akwai fayafayai masu gurbin bayit 512, akwai masu 4096 da ke kwaikwayon 512, akwai kuma masu 4096 zalla da ake rubuta musu 4Kn. Na ƙarshen ba ya cakuɗuwa da na farkon a yawancin katuna. Mashigar faifai ma iri biyu ce, SATA da SAS: faifan SATA yana shiga mashigar SAS, amma na SAS ba ya aiki a mashigar SATA, kuma katuna da yawa ba sa yarda a haɗa iri biyun a gungu ɗaya.

Sai batun da ya tayar da ƙura a 2020. A watan Afrilun shekarar aka gano cewa Western Digital yana sayar da wasu fayafayan WD Red, masu terabayit 2 zuwa 6, da fasahar SMR ba tare da ya bayyana ba. A wannan fasaha layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, don haka gyara layi ɗaya yana tilasta sake rubuta maƙwabtansa. A ƙaramin aiki ba a lura, domin faifan yana da wurin da yake tara rubutu ya shirya daga baya. A sake gini kuwa, inda ake zuba masa rubutu ba hutu, wurin yakan cika, saurin ya faɗi ƙasa, wasu gungunan, musamman na ZFS, su ɗauki kwanaki ko su kore shi. Bayan ƙorafi da ƙararraki kamfanin ya ware masu fasahar CMR, wadda layukanta ba sa hawa kan juna, ya sa musu suna Red Plus. Bambancin yana cikin lambar samfuri: WD40EFAX mai SMR ne, WD40EFRX mai CMR. Duk faifan da zai shiga gungu, a tabbatar CMR ne kafin a biya kuɗi.

Akwai wani hali kuma da ya raba faifan kwamfutar tebur da na gungu. Faifan tebur idan ya ci karo da gurbi mai wuya, yana iya shafe fiye da minti yana ƙoƙari, ba ya amsa kowa. Linux kuwa daƙiƙa 30 yake jira, katunan RAID ba su ma kai haka haƙuri ba, sai a ɗauka faifan ya mutu a kore shi saboda gurbi ɗaya. Fayafayan NAS, wato akwatin ajiya da kwamfutoci da yawa ke amfani da shi, da na sabobi suna haƙura bayan daƙiƙa bakwai su ba da rahoto, gungun ya lissafa abin ya sake rubutawa. Ana duba wannan da `smartctl -l scterc`, kuma a faifan da ya yarda ana saita shi da `smartctl -l scterc,70,70`.

Game da fayafayan hannu, a yi hattara ko da an ce sabo ne. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise da ke Jamus ta bankaɗo cewa ana sayar da fayafayan Seagate Exos a matsayin sababbi alhali sun yi dubban sa'o'i suna aiki, an goge musu lissafin SMART. Abin da ya tona asirin shi ne wata rajista ta biyu da ake kira FARM, wadda `smartctl -l farm` ke karantawa tun daga siga ta 7.4. Idan sa'o'in rajistocin biyu sun saɓa, an yi maka gwanjo a kwalin sabo.

Idan hali ya bari, a gwada sabon faifan a wata kwamfuta kafin a saka shi: `smartctl -t long` yana cin sama da sa'o'i goma a faifai mai terabayit 8. Gwajin `badblocks -w` ya fi zurfi, amma yana goge komai kuma yana cin kwanaki. Gungun RAID 6 da ya rasa faifai ɗaya zai iya jira; RAID 5 mai ɗingishi ba shi da wannan sararin. Shi ya sa faifan ajiya da aka riga aka gwada, yana kan kanta, ya fi wanda za a nemo a kasuwa ranar da abin ya faru.

## Canjin kansa

A sabar da ke da katin RAID da guraben da ake zarewa na'ura tana kunne, aikin gajere ne. A danna maɓallin tire, a ja shi kaɗan ya rabu da mahaɗi, a jira daƙiƙa 30 faifan ya daina juyawa, sannan a fitar. A kwance kusoshi huɗun, a ɗaura sabon a tiren, a tura har ya kama. Yawanci gini yana farawa da kansa. Kada a kashe sabar don wannan aiki idan ba dole. Tsofaffin fayafayan da suka shekara suna juyawa wani lokaci ba sa tashi bayan sun huce. Idan sabon faifan ya taɓa zama a wani gungu, katin zai nuna shi a matsayin baƙon tsari, da kalmar Foreign. A goge wannan tsarin daga sabon faifan kaɗai. Shigo da shi, ko goge na fayafayan gungun bisa kuskure, yana iya rusa komai.

A Linux mai mdadm, manhajar da ke sarrafa RAID ba tare da kati ba, `cat /proc/mdstat` yana nuna halin gungu. `[UU_U]` na nufin na uku ya fita. A cire shi a manhaja tukuna:

`mdadm /dev/md0 --fail /dev/sdc1 --remove /dev/sdc1`

Bayan an saka sabon, a kwafa masa tsarin rabo daga lafiyayyen faifai da `sgdisk /dev/sda -R /dev/sdc`, sannan `sgdisk -G /dev/sdc` don ya sami lambar shaidarsa daban. A karanta umarnin farkon sau biyu kafin a danna: wanda ke bayan `-R` shi ake rubuta wa, kuma idan aka juya su, tsarin faifai maras komai ne zai hau kan mai bayanai. Daga nan `mdadm /dev/md0 --add /dev/sdc1`. Idan kwamfutar daga waɗannan fayafayai take tashi, a tuna da `grub-install` a kan sabon. Mutane da yawa sun mance wannan, sai ranar da ɗaya madubin ya mutu suka tarar bayanai na nan amma na'ura ba ta tashi.

A ZFS umarni ɗaya ne, `zpool replace`, sai sunan gungu, sunan tsohon faifai da na sabon, kuma a yi amfani da sunayen `by-id`. ZFS yana kwafe wuraren da ke da bayanai ne kaɗai, don haka gungun da bai cika ba yana gamawa da wuri. A akwatunan Synology kuwa, a shiga Storage Manager a danna Repair.

Hanya mafi aminci ita ce wadda aka fi mantawa. Idan tsohon faifan bai mutu ba tukuna, alamu kawai yake nunawa, kuma akwai gurbi a buɗe a akwatin, kada a cire shi. A saka sabon a gefensa, a ƙara shi a gungu, sannan `mdadm /dev/md0 --replace /dev/sdc1 --with /dev/sde1`. Za a kwafe daga tsohon kai tsaye, inda ya kasa karantuwa a lissafa daga sauran, kuma gungun ba zai rasa kariyarsa ko minti ɗaya ba. `zpool replace` ma haka yake yi idan tsohon yana nan.

Faifai ɗaya ake canjawa a lokaci ɗaya, a jira gini ya kai kashi 100 kafin a taɓa na gaba, ko da uku ne ke nuna gargaɗi.

## Idan ana kukan targaɗe sai ga karaya

Saurin gini abu ne da ake iya saitawa. Katunan PERC da MegaRAID suna zuwa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsu a ware don gini. A Linux, `speed_limit_min` da ke `/proc/sys/dev/raid` yana farawa ne a kilobayit 1,000 a daƙiƙa, wanda ke sa gini ya ja ƙafa a sabar da ake aiki a kanta. Ɗaga shi, tare da dakatar da ayyukan da za su iya jira, yana rage sa'o'in hatsari.

Idan aka ci karo da gurbi maras karantuwa, abin da zai biyo baya ya danganta da tsari. Tsofaffin katuna suna tsayar da ginin gaba ɗaya. Sababbi sukan huda layin, wato su yi masa alamar ɓatacce su wuce, gini ya kammala amma wani fayil ya lalace, kuma hudar tana bin gungun ko an sake canja faifai. ZFS ya fi su gaskiya a nan, `zpool status -v` yana faɗin sunan fayil ɗin da abin ya shafa, a dawo da shi daga kwafi.

Idan kuwa faifai na biyu ya fita gaba ɗaya, a tsaya. Kada a gudanar da manhajar gyaran fayiloli, kada a danna Initialize, kuma kada a bi shawarar da ke yawo a intanet ta sake ƙirƙirar gungu da `mdadm --create`. Idan jerin fayafayai ko girman yanka ya saɓa ko kaɗan, rubutu zai hau kan abin da ake neman ceta. Sau da yawa faifan na biyu bai mutu ba, gurabe kaɗan ne suka sa aka kore shi. A kwafe shi kacokan zuwa wani faifai da `ddrescue`, a adana rahoton `mdadm --examine` na kowane faifai, sannan a gwada `mdadm --assemble --force` a kan kwafin. A haɗa da wanda ya fita na ƙarshe. Wanda ya fita tun watannin baya bayanansa sun tsufa. Faifan da ke ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe kuwa, duk kunnawa ƙara masa rauni take yi, aikin masu ɗakin ceto bayanai ne, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

## Inda masana suka saɓa

Wasu suna cewa RAID 5 ya gama yayi tun da fayafayai suka wuce terabayit biyu. Wasu suna cewa tsoron ya yi yawa, kuma ƙaramin ofis mai fayafayai uku da kwafi mai kyau bai kamata ya sadaukar da faifai na biyu ba. Dukansu suna da hujja, amma ta biyun tana tsaye ne a kan sharuɗɗa biyu da ba kasafai ake cikawa ba: kwafin da aka gwada, da sintirin wata-wata, inda gungun ke karanta kansa duka ya gyara guraben da suka lalace tun yana da kariya. Debian yana yin wannan da kansa a Lahadin farko ta kowane wata; a ZFS `zpool scrub` ne. Inda samun sabon faifai na gaske kan ɗauki mako biyu ko fiye, RAID 6 ya fi dacewa, domin tsawon ɗingishi ba sa'o'in gini kaɗai ba ne, har da kwanakin jiran kaya.

Haka ma faifan ko-ta-kwana, wanda ke zaune cikin akwati yana jiran ya maye gurbi da kansa. Yana rage jira, amma a RAID 5 yana fara gini tsakar dare kafin kowa ya kwafi komai. Mai fayafayai biyar da ke shirin yin RAID 5 da huɗu ya ajiye ɗaya, gara ya yi RAID 6 da biyar ɗin: sararin ajiya ɗaya ne, kariyar ta ninka.

Babu saɓani a kan abu ɗaya. Fayil da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duk fayafayan nan take. Manhajar garkuwa da bayanai irin DeadBolt, wadda ta afka wa akwatunan QNAP a Janairun 2022, ta kulle gungunan da kowane faifai nasu yake lafiya. Gobarar da ta cinye ginin ajiyar sabobi na SBG2 na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa ranar 10 ga Maris, 2021 ta haɗa da gungu da kwafin waɗanda suka ajiye su a wuri ɗaya. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban.

## Tsohon faifan

Kada a jefar da shi ko a mayar wa mai kaya sai gini ya kammala, an yi sintiri ɗaya, an ga babu kuskure. Har zuwa lokacin yana iya zama hanyar ceto. A rubuta masa ranar cirewa da lambar gurbi a jiki. Garanti yawanci shekara uku ne a IronWolf da Red Plus, biyar a Exos da Red Pro, ana kuma dubawa da lambar siriyal a shafin kamfanin. Sai dai faifan madubi yana ɗauke da cikakken kwafin komai, na RAID 5 ma yankansa sukan kai kilobayit 64 zuwa 512, wanda ya isa ya ƙunshi takarda sukutum. Idan yana amsawa, a goge shi da rubutu daga farko har ƙarshe kafin ya bar ofis. Idan ba ya amsawa kuma bayanan na marasa lafiya ne ko na kuɗin jama'a, a haƙura da garantin, a huda shi da injin huda ƙarfe a wurare uku ko huɗu ta cikin farantan.